Daga Rum Zuwa New York: Abin da Ke Mayar da Birni Cibiyar Duniya

A kowane zamani akan samu birnin da idan ya yi magana sai sauran duniya ta kasa kunne. A cikinsa ake buga kuɗin da kowa ya yarda da shi, a cikinsa ake yanke hukuncin da zai shafi mutanen da ba su taɓa ganin ƙofarsa ba, kuma can ne ɗalibi da falke da jakada suke burin isa. Rum ta taɓa riƙe wannan matsayi, haka Santambul da Bagadaza da Alƙahira, haka Chang'an da Bejin a ƙasar Sin, daga baya Amstadam da Landan, a yau kuma New York da Washinton. Duk wanda ya jera sunayen nan zai ga cewa matsayin bai taɓa tabbata a wuri guda ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Sai dai wannan kowa ya sani. Tambayar da ta fi amfani ita ce, me ke ɗaga birni har ya kai can, me kuma ke sauko da shi? Amsar da tarihin waɗannan birane ya fi ƙarfafawa ita ce: takobi yana buɗe hanya, amma abin da ke riƙe birni a tsakiya shi ne mutanen nesa su ga cewa bi ta cikinsa ya fi musu alheri a kan kauce masa. Hakan kuwa yana tsaye a kan abubuwa uku, wato hanyar da kaya ke bi, ƙofar da aka buɗe wa baƙo mai ilmi ko sana'a, da amanar da ke sa mutum ya ajiye dukiyarsa a garin da ba nasa ba ya yi barci.

Rum ce misalin da aka fi kawowa, kuma galibi sojojinta ake tunawa. Amma a zamanin Sarki Agustas masana suna ƙiyasta mazaunanta da kusan mutum miliyan ɗaya, adadin da babu wani birni a Turai da ya sake kaiwa sai Landan wajen 1800, kuma mashi ba ya ciyar da irin wannan jama'a. Jiragen ruwa ne ke ɗauko alkama daga Masar da ƙasar da a yau ake kira Tunisiya, har hukuma tana raba wa kimanin mutum 200,000 hatsi kyauta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne Rum ta iya mayar da wanda ta ci da yaƙi ɗan gida. Septimius Severus, wanda ya hau mulki a 193, haifaffen Leptis Magna ne a gaɓar Libiya, kuma ɗansa Karakalla a 212 ya bai wa kusan duk wani ɗa da ke cikin daular 'yancin zama ɗan Rum. Mai hankali a Siriya ko Sifaniya sai ya ga cewa ɗorewar Rum ɗorewarsa ce. Faɗuwarta ma ta wannan hanya ta biyo. Sarakuna sun bar birnin sun koma kusa da bakin daga, mayaƙan wani sarki mai suna Alarik suka wawashe shi a 410, Bandalawa suka kama Kartaj ta Tunisiya a 439 suka riƙe maƙogwaron hatsi, sannan a 537 aka datse magudanan da ke kawo ruwan sha. Cikin ƙarni na 6 birnin miliyan ya koma na 'yan dubun-dubatar mutane.

Birnin da Sarki Kustantin ya ƙaddamar a 330, wanda Larabawa suka sani da Ƙusɗanɗiniya mu kuma muka sani da Santambul, ya gaji Rum ne saboda yana zaune a mashigin da ya haɗa Baƙin Teku da Bahar Rum, ya kuma haɗa Turai da Asiya. Ganuwarsa ta yi suna, amma kuɗinsa na zinariya ya fi ganuwar nisan tafiya: kusan shekara 700 ana buga shi ba tare da an rage nauyinsa ko an gauraya shi ba, shi ya sa ake karɓarsa har a kasuwannin abokan gaba. Da aka fara gauraya shi a ƙarni na 11, aka kuma miƙa wa 'yan kasuwar Benis ragamar ciniki, sai birnin ya shiga raguwa, har mayaƙan Turai Kiristoci 'yan'uwansa suka wawashe shi a 1204. Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu na Biyu ya ci shi a 1453, mazaunansa ba su wuce kimanin 50,000 ba. Abin da ya yi bayan nasara shi ne abin lura. Ya tattaro Turkawa da Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa ya zaunar, ya naɗa wa Kiristoci shugaban cocinsu, ya gina kasuwa. Ɗansa Bayazidu na Biyu ya karɓi Yahudawan da Sifaniya ta kora a 1492. Cikin shekara ɗari Santambul ta zama birni mafi girma a Turai, kuma sunanta ya kai har Borno, inda Mai Idris Alooma ya aika jakadu wurin Sarki Muradu na Uku a shekarun 1570.

A can gabas mai nisa, Chang'an ta daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, ita ma ta kai kusan mutum miliyan ɗaya. A kasuwarta ta yamma Farisawa da fataken Samarƙand da Bukhara suke sauke kayan da suka ɗauko ta hanyar siliki, kuma a cikin birnin akwai wuraren ibadar mabiya Buda da na Kiristoci da na Majusawa. Japan ta tsara biranenta na Nara da Kyoto a kan fasalin Chang'an ba tare da sojan Sin ko ɗaya ya tilasta mata ba, kuma wannan shi ne tasiri na gaske. Bayan tawayen An Lushan da ya ɓarke a 755, hanyoyin yamma suka kuɓuce wa daular, zargin baƙo ya ƙaru, har a 845 aka rufe dubban wuraren ibada aka haramta addinan da suka shigo daga waje. A 904 wani madugun yaƙi ya rushe birnin ya kwashe katakon gine-ginensa zuwa Luoyang, kuma Chang'an ba ta sake zama babban birnin Sin ba.

Bagadaza ce ta fi nuna wannan hujja a fili, don da gangan aka gina ta. Halifa Abu Ja'afar Al-Mansur ya aza harsashinta a 762 a gaɓar kogin Dijla, inda yake kusantar Furatu, ya yi ta zagaye da ƙofofi huɗu masu fuskantar Kufa da Basra da Khurasan da Sham. Jirgin ruwa na iya tashi daga nan ya bi ta Basra ya kai Indiya da Sin, ayari kuma ya nufi Sham da Masar. Waɗanda suka ɗaga sunan birnin galibinsu baƙi ne. Barmakawa, waziran Haruna Ar-Rashid, asalinsu mutanen Balkh ne a Afganistan ta yau. Hunain ɗan Ishaƙ, wanda ya fassara littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci, Kirista ne daga Hira. Al-Khawarizmi, wanda ya tsara ilmin aljabara a zamanin Halifa Ma'amun, ana danganta shi da Khawarizm a tsakiyar Asiya. Imam Ɗabari daga Ɗabaristan ya zo, Shehu Abdulƙadir kuma daga Jilan, kuma ɗariƙar da ke ɗauke da sunansa ta taso daga Bagadaza ta iso har wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Takarda, wadda fasahar yinta ta fito daga Sin, an fara sarrafa ta a Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 8, sai littafi ya yi araha, aikin ofis ya samu tsari, falke kuma ya iya tafiya da takardar biyan kuɗi a maimakon jakar dinare.

An saba cewa Hulagu, madugun yaƙin Mangolawa, shi ne ya kashe Bagadaza a 1258, kuma ɓarnar da ya yi ba ƙarama ba ce. Amma ya tarar da birnin da ya daɗe yana jinya. Yaƙin Amin da Ma'amun, 'ya'yan Haruna, ya ragargaza unguwanninsa tsakanin 812 da 813. Bayin da ake azabtarwa da aikin kwashe gishiri a fadamun Basra sun yi tawaye daga 869 zuwa 883, suka tsayar da cinikin kudu. A 937 wani shugaban soja ya fasa babbar magudanar Nahrawan don ya tare abokin hamayyarsa, sai gonakin da ke ciyar da birnin da baitulmalinsa suka bushe. Daga 945 halifa ya zama mai suna kawai a hannun sarakunan yaƙi. Fatake kuwa ba sa jiran a gama rigima. Cinikin Indiya ya karkata zuwa Bahar Maliya, ya faɗa hannun Alƙahira, wadda Faɗimawa suka kafa a 969 tare da masallacin Azhar. Da Mamlukawan Masar suka karya Mangolawa a Ainu Jalut a 1260, malamai da masu sana'ar da suka tsere daga Iraƙi da Sham suka tarar da mafaka a Masar. Tun a shekarun 1240 mutanen Kanem suke da makaranta da masauki a Alƙahira, Mansa Musa ya ratsa ta a 1324 da zinariyar da ta karya farashi, Imam Suyuɗi kuma yana aika wasiƙun nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Ita ma Alƙahira annobar 1348 ta raunana ta, sarakunanta suka mamaye cinikin kayan yaji suka tsauwala haraji, sannan a 1498 Vasco da Gama ya zagaye Afirka ya isa Indiya, Turawa suka samu hanyar da ba ta bi ta Masar ba.

Wani zai ce duk wannan kewaye-kewaye ne, ƙarfin soja shi ne tushe, sauran kuma ado. Gaskiya ne cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan birane da ya tashi ba tare da makami a bayansa ba. Amma da makami ya isa, da Ninawa da Ƙaraƙorum sun fi kowa daɗewa. Assuriyawa sun firgita Gabas ta Tsakiya da yaƙi da kwashe al'ummai daga garuruwansu, kuma da aka rushe babban birninsu Ninawa a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, babu wanda ya damu ya sake gina ta. Bayan shekara ɗari biyu wani marubucin Girka ya wuce ta kangonta da runduna bai san sunanta na asali ba. Mangolawa sun kafa daula mafi faɗi da aka taɓa yi a doron ƙasa a haɗe, amma wani malamin coci ɗan Turai da ya ziyarci babban birninsu Ƙaraƙorum a 1254 ya ga bai kai wani ƙaramin gari da ke gefen Faris ba idan aka cire fada. Kublai Khan da kansa ya bar shi ya koma inda Bejin take a yau, domin can ne manoma da kasuwa da marubuta suke. Taimur ya kwaso magina da masaƙa daga Delhi da Dimashƙa da ƙarfin tsiya ya ƙawata Samarƙand, amma bayan mutuwarsa a 1405 ɗansa ya mayar da fada Herat, kuma kafin a cika shekara ɗari birnin ya fita daga hannun zuriyarsa. Wanda aka kawo a ɗaure yana jiran ranar tafiya ne, wanda ya zo da ƙafarsa kuwa shi ke kiran ɗan'uwansa.

Turai ta ba da irin wannan darasi a ƙarni na 16 da na 17. Lisbon ce ta fara riƙe hanyar teku zuwa Indiya, Sabil ta Sifaniya kuma ta nan azurfar Amurka ke shigowa, musamman bayan gano dutsen Potosi a 1545. Duk da haka ba su ne suka zama cibiyar kuɗi ba. Sifaniya ta kori Yahudawa a 1492, ta kori zuriyar Musulmin Andalus daga 1609, Fotugal kuma ta tilasta wa Yahudawanta sauya addini a 1497, ga shi Sarki Filib na Biyu na Sifaniya ya kasa biyan masu binsa bashi har sau huɗu. Azurfar tana sauka a Sabil ta wuce hannun wasu. Amstadam ta Holan, ƙaramin gari a cikin fadama wanda ba shi da ma'adini ko isasshen hatsi, ita ta ci gajiya. Da sojojin Sifaniya suka kama Antwap a 1585, attajiranta da masu sana'arta suka yi ƙaura zuwa Amstadam, Yahudawan Fotugal suka biyo baya. A 1602 aka kafa kamfanin cinikin Gabashin Indiya wanda kowa ke iya sayen hannun jarinsa ya kuma sayar, a 1609 aka buɗe bankin birnin, inda ɗan kasuwa ke ajiye kuɗi ya biya abokin cinikinsa da rubutu a littafi. Abin da Amstadam ke sayarwa, fiye da kayan yaji, shi ne tabbacin cewa sarki ba zai wayi gari ya ƙwace ajiyar mutum ba.

Landan ta kwaikwayi wannan tsari ta ɗora shi a kan ƙasa mai yawan jama'a da gawayin kwal. An kafa Bankin Ingila a 1694, bashin gwamnati ya koma ƙarƙashin kulawar majalisa, don haka Ingila ta riƙa samun rance da sauƙi fiye da Faransa duk da Faransa ta fi ta mutane. Furotestan ɗin da Faransa ta takura wa daga 1685 sun kawo mata saƙar siliki da jari, gidan Rothschild kuma daga Jamus ya zo. Mazaunan Landan sun tashi daga kusan miliyan ɗaya a 1801 zuwa sama da miliyan 6 a 1901. A ƙarni na 19 auduga na iya tashi daga Amurka zuwa Jamus ba ta taɓa gaɓar Ingila ba, amma a Landan ake ba da rancen cinikin, a nan ake yi wa jirgin inshora, kuma da fam ake biya. Wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ta haɗa ta da Amurka a 1866, sannan a 1884 taron ƙasashe ya amince a riƙa auna layukan taswirar duniya daga Greenwich, wata unguwa a Landan, kuma daga nan ake lissafin agogon duniya har gobe.

A nan ne suka mafi nauyi take, kuma mu mutanen Afirka mun fi kowa haƙƙin yin ta: shin abin da ake kira buɗe ƙofa da amana ba suna ne mai daɗi da aka laƙaba wa ganima ba? Jiragen Ingila sun kwashi 'yan Afirka sama da miliyan 3 zuwa bauta, kuma da aka soke bautar a 1833 masu bayi aka biya diyyar fam miliyan 20, bayin ba su samu ko anini ba. Holan ta ƙwace sansanin Elmina a gaɓar Gana a 1637 don cinikin bayi, ta kuma hallaka mutanen tsibiran Banda a 1621 saboda kayan yaji. Kano ta faɗa hannun Ingila a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Faransa kuma ta kama Damagaram a 1899. Babu mai gaskiyar da zai ɓoye wannan, kuma Rum da Bagadaza ma da gumin bayi aka gina su. Sai dai ganima ba ta bayyana dalilin da ya sa dukiyar ta zauna a wani birni ta gudu daga wani ba, domin Sifaniya ta fi Holan kwasar ganima amma ta ƙare da bashi. Abin da ya tabbata shi ne waɗannan birane sun yi adalci da riƙon amana a cikin da'irar da suka zana, sun yi zalunci a wajenta, kuma daga wajen da'irar ne rushewarsu ke fara tasowa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayanin cewa ƙwace dukiyar mutane yana kashe musu sha'awar nema, idan nema ya mutu kuwa gari ya mutu. Tawayen bayin Basra da guguwar neman 'yanci da ta kwance daular Ingila bayan 1945 duk shaida ne a kan haka.

New York ta fara tashi ne da hanya da baƙi. Mashigin ruwan Erie da aka buɗe a 1825 ya haɗa tasharta da gonakin tsakiyar Amurka, kuma tsakanin 1892 da 1954 kimanin baƙi miliyan 12 suka shiga ƙasar ta tsibirin Ellis da ke bakin birnin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da Amurka daga mai cin bashi zuwa mai bayarwa, na Biyu kuma ya bar ta da kusan rabin kayan da masana'antun duniya ke ƙerawa. A taron Bretton Woods na 1944 ƙasashe 44 suka amince dala ta zama ma'aunin kuɗaɗe, aka kafa Asusun Ba da Lamuni da Bankin Duniya a Washinton, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta zauna a New York. Ranar da kowa ya gane cewa girma ya ƙaura ita ce rikicin Suwez na 1956, lokacin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar. Amurka ba ta harba harsashi ba, ta dai ƙi tallafa wa fam ɗin da ke zubewa har sai an janye, kuma aka janye. Mu ma mun ɗanɗana ikon waɗannan birane: shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da ya karya darajar naira, da rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, duka sun biyo bayan matsin masu ba da rance na Washinton da Faris. Ita kuwa Landan, ko da daular ta tafi, ta ci gaba da zama babbar kasuwar canjin kuɗi ta duniya, saboda kotunanta da bankunanta sun riƙe amincewar mutane.

Akwai kuma masu cewa duk sa'ar wuri ce, wanda Allah ya ajiye a bakin mashigi dole ya yi arziki. Wuri yana da tasiri, amma Santambul ta 1450 da ta 1550 a wuri ɗaya suke, ɗaya kango ɗaya kuma uwar birane. Sin ta aika jiragen Zheng He sau bakwai tsakanin 1405 da 1433, har suka kai gaɓar Afirka ta Gabas, shekaru da dama kafin Fotugal ta iso wurin, sannan fada ta dakatar da tafiyar da kanta. A 1793 Sarki Qianlong ya sallami jakadan Ingila da cewa ƙasarsa ba ta buƙatar kayan waje, a 1860 kuwa sojojin Ingila da Faransa suka shiga Bejin aka ƙone fadar sarki ta bazara. Shenzhen kuma ƙaramin gari ne a gefen Hong Kong har zuwa 1980, lokacin da aka buɗe shi ga jarin waje, yau yana da mutane sama da miliyan 17. Ƙasar ba ta motsa ba, shawarar masu mulki ce ta sauya.

Dole kuma a yarda cewa kafin ƙarni na 19 babu birnin da ya taɓa zama cibiyar duniya baki ɗaya. Rum da Sin da ƙyar suka san juna, kuma Tenochtitlan ta Meziko, wadda ta fi yawancin biranen Turai girma kafin faɗuwarta a 1521, ba ta taɓa jin labarin Alƙahira ba. Kowane birni cibiyar duniyar da ya sani ne. Wannan ba ya rushe hujjar, yana ƙarfafa ta ne, tunda al'ummomin da ba su san juna ba sun tashi sun faɗi a kan dalilai iri ɗaya. Haka nan akwai tasirin da ba na mulki ba. Fadar halifanci ta bar Madina tun zamanin Sayyidina Ali, ta koma Dimashƙa a 661, Makka kuwa ba ta taɓa zama hedkwatar wata babbar daula mai ɗorewa ba, amma Dimashƙa da Bagadaza da Santambul duk sun yi zamaninsu sun wuce, alhali alhazai ba su fasa zuwa ba. Rum ma bayan ta rasa rundunoninta ta ci gaba da jan Kiristoci saboda fadar Fafaroma. Abin da mutane ke zuwa wa da yardar zuciyarsu ya fi abin da aka ɗora musu daɗewa.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba takarar da ake yi a yau. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, ta zama ta biyu a girman tattalin arziki a 2010, kuma tana ƙera fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kayan masana'antun duniya. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da ke zirga-zirga zuwa Guangzhou sun san haka. Amma fiye da rabin ajiyar kuɗin waje na manyan bankunan ƙasashe har yanzu da dala yake, na kuɗin Sin bai kai kashi 5 cikin 100 ba, domin mai ajiya yana son tabbacin cewa zai fitar da kuɗinsa ranar da ya so, kuma kotu za ta saurare shi ko da hukuma yake ƙara. Sin ta samu hanya, sauran ƙofa da amana. Amurka kuwa haɗarinta a cikin gida yake. Duk lokacin da ta rufe ƙofa ga ɗalibi da mai sana'a, ko ta yi amfani da dala wajen hukunta abokan hamayya, kamar yadda ita da ƙawayenta suka riƙe ajiyar babban bankin Rasha a 2022, tana koya wa sauran ƙasashe neman wata hanya, ko da dalilinta na da ƙarfi. Intanet ma ba ta kawar da buƙatar birni ba, tunda manyan kamfanoninta sun taru ne a 'yan garuruwa kaɗan inda jari da jami'o'i da ƙwararru suke.

Wannan tarihi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ko da biranenmu ba su taɓa mulkin duniya ba. Kano ta karɓi Wangarawa, Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi ya kuma saurari Shehu Maghili, har Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya tarar da tufafin Kano suna kaiwa Tambutu da Tarabulus. Katsina, wadda ta daɗe tana gaba a cinikin Sahara, ta rasa fatakenta ne da yaƙe-yaƙe suka hana hanyoyinta zaman lafiya a ƙarni na 19, Tambutu kuma ta dushe bayan mamayar Maroko ta 1591 da kwashe malamanta irin su Ahmad Baba. Saboda haka masu riƙe da biranenmu a yau su sani cewa dogayen gine-gine da gadojin sama ba su ne ke ɗaga gari ba. A tsare hanyoyi don falke ya yi tafiya lafiya, a kare baƙo da dukiyarsa ko daga ina ya fito, a gyara kotu ta yadda yarjejeniya za ta zama abin dogaro, a kuma girmama malami da makaranta. Birnin da ya yi waɗannan mutane za su neme shi da kansu, wanda ya yi sakaci da su kuwa za su kauce masa komai tsufan tarihinsa.